Kwamfutar Malama a Daminar da Na Karye

Ruwan shuka bai daɗe da sauka ba na karye. Daga Buji nake dawowa a kan babur, na je ganin yadda ƙanena ya fara aiki a gonar da mahaifinmu ya bar mana, sai wata tunkiya ta ɓullo daga bayan bishiya ta tsallaka hanya. Na kauce mata, tayar gaba ta shiga rairayi, babur ya kwanta a kan ƙafata ta hagu. Wasu masu mota ne suka kwaso ni zuwa Dutse. A asibiti aka ɗauki hoton ƙafar, aka ce ƙashin ƙauri ya karye. Daga baya dangi suka kawo wani dattijo mai ɗori daga ƙauyenmu, ya ja, ya daidaita, ya jera kara ya ɗaure. Da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Ɗana, kada ka taka ƙafar nan sai ranar da na ce ka taka."

Ni kuwa ban saba da zama ba. Da safe ina ofis a sakatariya, da yamma ina majalisarmu ta bakin titi, ƙarshen mako ina gona. Sai ga ni a kan katifa a ƙaramin ɗakin da ke kusa da falo, a gidanmu na Yalwawa, ba abin da nake gani ta taga sai katangar maƙwabci da kan wata bishiyar dabino. Makon farko masu dubiya sun cika gidan, ban san yadda yini ke wucewa ba. Da suka ragu sai na fara jin komai: ƙarar baburan masu tafiya aiki, sallamar mai tallan koko, saukar ruwa a kan kwano. Duk lokacin da hadari ya haɗu sai in kira ƙanena in tambaye shi ko an yi ruwa a can, ko gero ya tsiro, ko ya sami masu noma. Rannan ya ce mini, "Yaya, ɗazu fa ka tambaye ni, kuma amsar ba ta canza ba." Na ajiye wayar ina jin haushinsa, alhali gaskiya ya faɗa.

Wannan ɗakin da aka kwantar da ni, asalinsa ɗakin aikin matata ne. Malamar firamare ce, kuma tun kafin mu yi aure Malama nake kiran ta. Tana da wata tsohuwar kwamfuta ta tebur, irin mai dogon baƙin akwati da allo daban, wadda muka saya ta hannu shekarun baya. Da ita take buga takardun makaranta, nata da na wasu abokan aikinta da ba su iya ba. Ranar da aka kawo ni, 'yan'uwa suka janye teburin zuwa kusurwa cikin gaggawa don a sami wurin shimfiɗa katifa, suka ɗora kayan yadda suka ga dama. Tun daga ranar ba wanda ya sake bi ta kanta.

Sai da jarrabawar ƙarshen zango ta matso sannan Malama ta share teburin, ta jona wayoyi. Wata yamma ce bayan la'asar, an kawo wuta. Ta zauna da tarin tambayoyin da malamai suka rubuta da hannu, ta kunna. Kwamfuta ta tashi lafiya, ta buɗe wurin rubutu, ta fara bugawa. Ina kwance ina sauraron ƙarar madannai, har na ji daɗin samun wani sauti sabo a ɗakin. Ba ta kai ƙarshen shafin farko ba sai na ji fankar cikin akwatin ta ɗauki kuka kamar za ta tashi sama, sannan komai ya ɗauke. Allo ya yi baƙi.

"An ɗauke wuta ne?" na tambaye ta.

Ta ɗaga kai ta dubi fankar sama, tana juyawa abinta. Ta sake kunnawa. Wannan karon ko wurin rubutun ba ta kai ga buɗewa ba ta sake mutuwa.

"Gobe in na dawo daga makaranta zan sa a kai ta wurin mai gyara a cikin gari," in ji ta.

Na ce a'a. Na ce masu gyara sai su riƙe ta mako guda, kuma ni ma na san kan kwamfuta daidai gwargwado, tunda da ita nake aiki a ofis. Hakan gaskiya ne, sai dai sanina bai wuce na mai amfani da ita ba. Abin da ya fi ƙarfi a raina shi ne, tun da na kwanta, wannan ne abu na farko da ya zo gabana da zan iya sa hankalina a kai.

"Ki ba ni zuwa jibi," na ce.

"Maigida, shugabarmu ta ce ƙarshen mako take son takardun nan a hannunta."

"Zuwa jibi kawai."

Ta tattara takardunta.

Matsalar ita ce teburin yana can kusurwa, ni ina nan ƙasa. Duk abin da zan yi sai da hannunta. Na fara zargin wuta, don a unguwarmu takan zo da rauni, ƙwan fitila ya yi ja kamar garwashi. Na sa ta ciro sitabilaizar firiji daga kicin ta jona kwamfutar a kai. Ta tashi, ta ɗan jima, ta mutu. Na ce to filogi ne, ta canza soket. Na ce wayar wutar ce, ta aro wata a wurin maƙwabta. Na ce ko ƙwayar cuta ce ta shige ta ta hanyar filashin da malamai ke kawowa, ta kunna manhajar bincike, amma binciken bai yi nisa ba kwamfutar ta ɗauke. Kowane gwaji sai ta tashi daga abin da take yi ta zo, ta durƙusa a ƙarƙashin tebur, ni kuma ina daga kwance ina cewa ba wannan wayar ba, waccan.

Da safe kuwa da ta tafi makaranta da yara, sai aka bar ni da abin a ɗaki. In dube shi, in juya, in sake dubansa. Na yi ta karanta bayanai a wayata har idona ya yi zafi, kowa da abin da yake faɗa. Wani ya ce a sauke komai a sake ɗora sabo, wani ya ce kayan ciki ne suka tsufa. Sau da dama na auna tazarar da ke tsakanin katifa da tebur da ido, ina tunanin in ja jiki da hannu in isa. Abin da ya hana ni shi ne tuna yadda na ji lokacin da dattijon nan ya ja ƙafar.

Abu ɗaya na lura da shi a wannan zaman. In ta daɗe a kashe, takan jima kafin ta mutu. In aka sake kunna ta nan take, ba ta ɗaukar lokaci. Na kira wani abokina da muke ofis ɗaya, wanda shi ake nema in kwamfutocinmu sun ƙi. Yana hanyar Miga a wani aiki da aka tura shi, magana tana yankewa, amma ya ji ni.

"Mutumina, wannan zafi ne," in ji shi. "Ka buɗe ta ka ga cikinta. Ina jin ƙura ta toshe fanka."

Da Malama ta dawo, ko mayafi ba ta cire ba na ce ta sauko mini da akwatin nan kusa da ni. Ta cire wayoyi, ta rungumo shi, ta kwantar da shi a kan tabarma gefen katifata. Ta kawo sukudireba da tsohon burushin haƙori. A karon farko tun da na faɗi, na yi wani aiki da hannuna. Na kwance notuna biyu, na zare murfin gefe. Ƙura ta yi kauri a ciki kamar auduga, da yanar gizo-gizo, har da busasshen kyankyaso a wani lungu. A tsakiya akwai fanka zagayayya a kan wani ƙarfe mai tsaga-tsaga, wanda ke janye zafi daga ƙwaƙwalwar kwamfutar. Na bi tsagogin nan ɗaya bayan ɗaya da burushi, ina hurawa da baki, ina atishawa, kowace atishawa tana amsawa a ƙafata.

Ba mu mayar da ita tebur ba, don ina so in ga fankar tana juyawa da idona. Malama ta sauko da allo da madannai ƙasa, ta jona komai a nan kan tabarma. Muka kunna. Ta tashi. Muka jira ta mutu, ba ta mutu ba. Malama ta zauna a ƙasa ta buga shafi, ta buga na biyu, har aka kira magariba tana aiki.

Na ji kamar ni na ƙera ta. Na kira abokina na ce an gama. Na kira ƙanena ma na ba shi labari, shi da ko kwamfuta ba ya amfani da ita.

Washegari da rana Malama ta rufe murfin, ta mayar da akwatin kan tebur ta tsayar da shi yadda yake a da, ta jawo kujera. Ba ta gama layi uku ba fanka ta ɗauki kuka, allo ya yi baƙi. Abin da ta buga bai shiga ba.

Na ce lallai murfin ne ke hana iska shiga. Ta cire shi, ta bar akwatin a tsaye a buɗe. Ta mutu. Na ce to soket ɗin kusurwar ne, a dawo da ita ƙasa. Ta sauko da komai, ta kwantar, ta jona. Ta yi aiki. Na ce a mayar tebur amma a jawo wuta daga soket ɗin ƙasa. Ta mayar. Ta mutu. Na buɗe baki zan ce a sake saukowa da ita, sai Malama ta zauna a kujera ta ɗora hannuwanta a cinya.

"Maigida, tun asuba ban zauna ba," ta ce, ba ta ɗaga murya ba. "Na shirya yara, na kawo maka ruwa, na fitar da shi, na tsaya a gaban aji har azahar, na dawo na ɗora tukunya. Akwatin nan ba shi da sauƙin ɗauka. Bayana ciwo yake yi. Kuma jibin da ka ce yau ne."

Na dube ta sosai, wataƙila karo na farko a makon, na ga yadda idanunta suka faɗa. Na ce ta je ta huta, gobe a kai wa mai gyara. Ta tashi ta fita. Na ji tana kwashe tuwo a kicin, tana yi wa yara magana a hankali.

Na kwanta ina kallon silin, raina ba daɗi, amma kaina ya ƙi barin maganar. A ƙasa tana aiki, a tebur ba ta yi. Ba soket ba ne, tunda mun gwada. Ba murfi ba ne. To me ya rage?

Ita ce ta dawo da kanta bayan ta ci abinci, da kwanona a hannu. Ta ajiye, ta tsaya tana kallon akwatin.

"Ni dai abin da na gani," ta ce, "duk lokacin da ta yi aiki a kwance take. Duk lokacin da ta mutu a tsaye take. Ko ita ma mai ɗorin za a kira mata?"

Na yi dariya, sannan na daina. Na ce, "Malama, don Allah sau ɗaya tak. Kada ki sauko da ita. Ki kwantar da ita a nan kan teburin."

Ta ture takardu gefe, ta kwantar da akwatin a kan tebur, ta kunna. Muka zuba ido. Fanka tana juyawa a hankali, ba kuka. Ta jawo kujera ta fara bugawa, tana yi tana adanawa bayan kowace tambaya. Kwamfuta ba ta ko girgiza ba.

Na sake kiran abokina. Wannan karon yana wurin da magana ke fita sosai. Na zayyana masa komai, sai ya ce in ba Malama wayar.

"Malama, ina wuni. Ki kashe ta, ki zare filogi, ki bari ta huce. Sannan ki kama fankar nan ta tsakiya da ƙarfenta, ki ɗan girgiza a hankali. Ki faɗa mini ko tana motsi."

Ta yi yadda ya ce. Daga inda nake na ji wani ɗan ƙas-ƙas.

"Tana motsi," ta ce. "Gefe ɗaya yana ɗagawa."

"To shi ke nan. Ƙusoshin roba huɗu ne ke riƙe da ita a kusurwoyi. Duba ki gani, wasu sun karye ko sun fita."

Ta haska da fitilar waya. Na sama guda biyu ne, ɗaya ya zare daga raminsa, ɗayan kuma ƙafarsa ta karye. Ta lalubi ƙasan akwatin ta ciro wani ɗan guntun farar roba da bai kai ƙwayar wake ba, ta ɗora a tafin hannunta ta kawo mini. Abokina ya yi mana bayani: ƙarfen nan dole ya manne da ƙwaƙwalwar kwamfuta kafin ya janye zafi. In akwatin yana tsaye, nauyin ƙarfen yakan ja shi ya ɗan rabu, zafi ya taru, kwamfuta ta kashe kanta don kada ta ƙone. In yana kwance kuwa, nauyin ne ke danne shi a wurinsa. Ni da na goge ƙarfen da burushi ban lura ba, don a kwance na same shi.

"An taɓa buga ta da ƙasa?" ya tambaya.

Malama ta ce ranar da aka kawo ni ta ji ƙarar ajiye wani abu da ƙarfi a ɗakin, amma hankalinta yana kan ƙafata.

Ya ce irin fankar sai a Kano, kuma zai shiga ƙarshen mako, zai taho da ita. Kafin nan a bar ta a kwance, kada a motsa ta.

Haka aka yi. Sauran aikin tare muka ƙarasa shi. Malama ta ce tunda bakina lafiya yake, in riƙa karanto mata tambayoyin tana bugawa, ya fi sauri a kan ta riƙa ɗaga kai tana saukewa. Na karanta lissafin aji uku, na karanta tambayoyin Hausa da na addini, na yi fama da rubutun wani malami da yake haɗa haruffa kamar tafiyar tururuwa. Wani wurin in tsaya in ce wannan tambayar ba ta da amsa a cikin zaɓin da aka bayar, ta ce in karanta abin da aka rubuta kawai, ta sa alama za ta nuna wa mai ita. Muka yi gardama a kan ko rani ko bazara ya kamata a ce a wata tambaya, ta kira malamar da ta rubuta, aka ce na Malama ne daidai. Ranar Juma'a da safe ta tafi da aikin a filashi, da rana ta dawo ta ce shugabarsu ta karɓa.

Abokina ya zo a farkon mako da sabuwar fanka a kwali da wani irin mai, mai launin toka, a sirinji, wanda ake shafawa tsakanin ƙarfen da ƙwaƙwalwar. Ya zauna a bakin katifata muna hirar ofis, wanda aka canza wa wurin aiki da wanda ya yi aure. Da ya tashi zai ɗaura, Malama ta ce ya nuna mata ta yi da kanta, don a makarantarsu akwai wasu kwamfutoci biyu da aka jingine a ofishin shugaba, ba wanda ya san abin da ke damun su. Ya tsaya a kanta yana faɗa, ta goge tsohon man da tsumma, ta ɗiga sabo, ta danna ƙusoshin kusurwa da kusurwa har kowanne ya yi ƙara. Ta rufe murfi, ta tsayar da akwatin. Muka ci gaba da hira muna satar kallon allo. Har ya sha shayi ya yi sallama tana kunne.

Bayan an gama jarrabawa ne dattijo mai ɗori ya dawo. Ya kwance, ya matsa nan da can, ya tambaye ni inda nake jin zafi. Na zaci zai ce in fara takawa. Ya sake jera karansa ya ɗaure, ya ce ƙashi ya kama amma da saura, in ƙara haƙuri.

Da ya tafi gidan ya yi tsit. An yi hutu, Malama ta kai yara gidan yayarta, kwamfuta tana kusurwa a rufe da ƙyalle, ba abin da ke damun ta. Na juya dama, na juya hagu. Na ɗauki waya zan kira ƙanena, na ajiye. Can na ji maƙwabcinmu ta bayan katanga yana bubbuga rediyonsa, tana kamawa tana saki, kamar yadda take yi tun bara. Na ɗaga murya na yi masa sallama ta taga, na ce in ba zai damu ba ya miƙo mini ita in duba.

Da Malama ta dawo ta tarar da ni da rediyo a buɗe a kan cinya, notuna a cikin murfin kwano. Ta tsaya a bakin ƙofa ta dube ni.

"Wannan dai ba ni zan ɗauka ba," ta ce.

Na ce ba ta da nauyi, abin da nake so kawai ta miƙo mini burushin nan. Ta ɗauko shi daga kan tebur ta ba ni, ta wuce kicin.